Sukarin da Aswaki Bai Tarar Ba

A tiredojin Tsohon Birnin Gwari, man goge baki da alawa maƙwabtan juna ne. Ga kwalayen makilin a jere, ja da kore da shuɗi, ga ƙanana na leda suna reto a igiya, a ƙarƙashinsu kuma ga biskit da minti da cingam da garin lemon da ake kaɗawa a ruwa. Dattawan da suka yi yarinta a garin nan kafin a samu 'yancin kai ba su taso da ko ɗaya daga cikin kayan nan ba, kuma hanya ɗaya ce ta kawo su, mota ɗaya ke sauke su. Mai saye kan zaɓi makilin don ƙamshinsa, ko yawan kumfarsa, ko hoton fararen haƙoran da ke jikin kwali, ko kuwa don shi aljihu zai iya. Abin da nake gani shi ne duk waɗannan ba su kai a tsaya a kansu ba. Abu guda ne ya raba man da ke kare haƙori da wanda ke ƙamsasa baki kurum, wato sinadarin fuloraid, kuma dalilin da ya sa ya zama wajibi a yau, alhali kaka da kakanni sun rayu ba tare da shi ba, yana cikin robar alawar da ke ƙasan kanta.

Ya kamata a fara da yi wa mutanen da adalci, domin ba su yi sakaci da bakinsu ba. Ƙasar Birnin Gwari ƙasar itace ce. Dajin da ya kewaye ta, wanda wani yankinsa ya zama Gandun Dajin Kamuku na ƙasa a 1999, cike yake da doka da maje da kaɗanya da taura da marke da ƙirya, kuma mutum ba ya buƙatar kwabo kafin ya tsaftace bakinsa. Ya karyo ɗan reshen marke ko saiwar ƙirya, ya ɓare bakinsa, ya tauna har ya yi gashi-gashi, ya goge haƙora a kan hanyarsa ta zuwa gona. A fadama akwai shuwaka mai ɗaci, daga baya darbejiya ta zo daga Indiya a zamanin Turawa ta shiga sahu, alhazai kuma suna dawowa da aswakin Makka a matsayin tsaraba. Mata na daka gawayi da gishiri su dirje haƙora da yatsa, wasu su bi da furen taba da goro don kwalliya. Addini ya ɗaure wa al'adar gindi, tunda hadisai ingantattu sun kwaɗaitar da yin aswaki a wajen alwala da salla da tashi daga barci. Mutumin da ke goge baki sau biyar a yini saboda salla ya fi yawancin mutanen birni na yau kula da haƙoransa, kuma babu wani likita da zai musa haka.

To me ya canza? Abinci ne. Tuwon dawa da na masara, fura da nono, kunun tsamiya, doya, gyaɗa, wake, waɗannan ne bakin mutanen da ya sani. Za a ce ai akwai rake da zuma da mazarƙwaila da alewar gargajiya tun fil azal, kuma gaskiya ne. Amma rake yana da lokacinsa, kuma shansa aiki ne da ke sa haƙora tauna da miyau kwarara. Zuma sai an ci sa'ar amya, mazarƙwaila kuwa sai ranar kasuwa. Farin sukari na masana'anta ya rusa wannan iyaka. An fara sarrafa Coca-Cola a Najeriya a farkon shekarun 1950, aka kafa kamfanin sukari na Bacita a shekarun 1960, na Numan ya biyo baya, sannan matatar Dangote da ke Apapa ta soma aiki a 2000, sukari ya zama abin da ake ƙullawa a leda a sayar a kowane lungu. Yau yaro na karyawa da koko mai sukari, ya sayi alawa a ƙofar makaranta, ya sha lemon leda da rana, ya kwanta da biskit a baki. Samari na zaman majalisa ana zagaya shayi mai kauri ƙaramin kofi bayan ƙaramin kofi, masu haƙar zinare a ramukan da ke kewayen garin kuma na kora gajiya da lemon ƙarin kuzari. Har zoɓo da kunun aya da fura, da a da ɗanɗanonsu ya isa, yanzu ba sa shiga kasuwa sai an ɗura musu sukari.

Abin da ke faruwa a baki bayan haka ba tsutsa ba ce, ko da yake har yanzu akwai masu magani da ke turara wa mutum hayaƙi su nuna masa abin da suka ce sun fitar. A jikin haƙori akwai wata dauɗa mai yauƙi, wadda farce ke kankarowa da safe, kuma a cikinta ƙwayoyin cuta ke zaune. Da zarar sukari ya same su sai su ci, su fitar da ruwa mai tsami da ke narkar da farin ɓawon haƙori. Cikin 'yan mintuna tsamin ke tashi, kuma miyau kan ɗauki rabin awa zuwa awa guda kafin ya kwantar da shi ya soma mayar wa haƙori ma'adinan da ya rasa. Wanda ya ci zaƙi sau biyu ko uku a yini, miyau na samun sararin gyara. Wanda bakinsa ba ya rabuwa da zaƙi daga hantsi zuwa lisha, ɓarna na tsere wa gyara har farin tabo ya zama rami, rami ya zama kogo. An ga wannan a zahiri a wurare da dama. Mutanen tsibirin Tristan da Cunha da ke tsakiyar tekun Atlantika kusan ba su san ruɓewar haƙori ba a shekarun 1930, amma bayan an buɗe musu kantin da ke sayar da sukari da fulawa, zuwa shekarun 1960 cutar ta game su. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da sukari ya yi ƙaranci a Norwe da Japan, ruɓewar haƙoran yara ta ragu, da ya dawo kuma ta dawo. Binciken Vipeholm da aka yi a Suwidin daga 1945 zuwa 1953, wanda yau ake Allah wadai da yadda aka yi shi a kan majinyatan da ba su da ikon ƙi, ya nuna cewa yawan lokutan da ake cin zaƙi, musamman mai maƙalewa tsakanin abinci da abinci, ya fi yawan sukarin kansa illa.

Nan ne mai kare aswaki zai miƙe ya ce kakansa ya rasu yana da shekara casa'in da haƙoransa cif. Ban ƙaryata shi ba, kuma ba na cikin masu raina aswaki. Masu bincike sun gwada shi da buroshi sun ga cewa a hannun wanda ya iya, yana kawar da dauɗar haƙori kamar yadda buroshi ke yi, itacen arak ɗin da ake yin aswakin Makka da shi kuma yana da sinadaran da ke hana ƙwayoyin cuta sakewa. Sai dai akwai abubuwa biyu da ake mantawa. Na farko, gashin aswaki a miƙe yake da sandarsa, don haka yana jin daɗin haƙoran gaba, amma cikin turame da bayan haƙora ta wajen harshe yana ba shi wuya, alhali a ramukan turame ne ruɓewa ta fi farawa. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, aikin aswaki share dauɗa ne, bai ƙara wa haƙori ƙarfin jure tsami ba. Ɗan fuloraid ɗin da ke cikin itacen bai kai ya yi wannan aiki ba. Kakan nan bai taɓa shan lemon kwalba biyu a yini ba, jikansa kuwa yana sha. In kiɗa ya canza, dole rawa ta canza.

Labarin fuloraid da tabo ya fara. A 1901 wani matashin likitan haƙori, Frederick McKay, ya sauka a Colorado Springs ta Amurka ya tarar da mutanen garin da haƙora masu tabon ƙasa-ƙasa, amma abin mamaki ba sa ruɓewa kamar na sauran mutane. Sai a 1931 aka gano cewa fuloraid ne mai yawa a ruwan shansu. Wani mai bincike, Trendley Dean, ya bi garuruwa yana auna ruwa yana duba bakin yara, har ya gano gwargwadon da ke kare haƙori ba tare da ya ɓata launinsa ba, kuma a 1945 garin Grand Rapids ya zama na farko da ya ƙara sinadarin a ruwan famfo. A tsakiyar shekarun 1950 aka fito da Crest, man goge baki mai fuloraid da ya fara karɓuwa a kasuwa. Kafin nan man goge baki ya daɗe, Colgate na sayar da shi tun 1873, amma sabulu ne da alli da ƙamshi, yana wankewa ba ya karewa. Daga baya aka fahimci cewa ba sai an haɗiye fuloraid ba, zamansa a cikin miyau ne ke aiki: yana hanzarta komawar ma'adinai cikin ɓawon haƙori, ɓawon da ya ginu da shi kuma ya fi jure tsami. Da aka tattara gwaje-gwaje kusan saba'in da aka yi a kan dubban yara, cibiyar Cochrane ta bayyana a 2003 cewa man mai fuloraid na rage ruɓewa da kimanin kashi 24 cikin ɗari idan aka kwatanta da wanda ba shi da shi. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka shi a jerin muhimman magunguna, da ma'aunin 1000 zuwa 1500. Wannan lamba ita ce abin da mai saye zai nema. A juya kwalin, a duba ƙananan rubutun baya, a nemi kalmar fluoride kamar yadda ake rubuta ta da Turanci, da lamba irin 1000 ko 1450 tare da haruffan ppm, sannan a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Wanda bai yi boko ba, ɗansa ɗan aji huɗu zai iya duba masa.

Akwai ƙorafin da ya fi na mai aswaki nauyi, wato cewa fuloraid guba ne. Bahaushe ba ya buƙatar zuwa Amurka kafin ya ga hujjar wannan magana. A Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi, wata rijiyar burtsatse da aka haƙa a shekarun 1980 ta shayar da gari ruwa mai fuloraid fiye da ƙima shekara da shekaru, ɗaruruwan yara suka tashi da lanƙwasassun ƙafafu da haƙora masu tsatsa. A Langtang ta Filato da Kaltungo ta Gombe ma an san jajayen haƙoran da ruwan ƙasa ke haifarwa. Bai kamata a share wannan da hannu ɗaya ba. Amma abin da ya cuci yaran Tibiri ruwa ne da suka sha kullum har ƙasusuwansu suka cika da shi lokacin da suke girma. Man goge baki ɗan kaɗan ake ɗiba, a goga, a tofar. Haɗarin da ke cikinsa na ƙananan yara ne masu lashe shi don zaƙinsa, kuma maganin wannan yana hannun iyaye: yaron da bai kai shekara uku ba a shafa masa kamar ƙwayar shinkafa, daga uku zuwa shida kamar ƙwayar wake ƙarama, babba ne zai matsa masa, a kuma ajiye bututun inda hannunsa ba ya kai. Darasin Tibiri na masu haƙa rijiyoyin burtsatse ne, da suka yawaita a ƙauyukanmu ba tare da an auna ruwansu ba. Duk unguwar da aka ga yaranta na fitowa da haƙora masu tabo iri ɗaya, ruwanta ya kamata a kai a gwada.

Sauran abin da ake rubutawa a gaban kwali, kaɗan ne daga ciki ke da amfani, shi ma ga mai buƙata ta musamman. Wanda haƙoransa ke zugi in ya sha ruwan sanyi ko iskar hunturu ta buge su, akwai man da aka yi dominsa, irin Sensodyne da makamantansa, masu sinadarin da ke kwantar da jijiya ko toshe ƙananan kafofin haƙori, amma sai an yi makonni ana amfani da shi kafin a ji sauƙi. In kuwa haƙori ɗaya ne ke zugi ya hana barci, kogo ne, kuma babu makilin da ke cike kogo. Wanda dasashinsa ke jini, abin da ya fi buƙata shi ne gogewa a tsanake a inda haƙori ya haɗu da dasashi, da buroshi mai laushi, kuma kada ganin jinin ya sa ya daina. Idan dauɗar ta riga ta daskare ta zama dutse, sai an kankare ta a asibiti. Masu alkawarin farin haƙori galibi ƙarin abin dirza ne a cikinsu, suna rage tabon goro da shayi da taba, ba sa canza launin da Allah Ya halicci haƙori da shi, kuma dirza da ƙarfi na cinye ɓawon da ba ya sake tsirowa. Abin da ya fi damuna shi ne na ganye da na gawayi, domin suna shigo mana ta ƙofar da muke girmamawa. Mutum ya ga hoton aswaki ko kanumfari ko darbejiya a kwali sai ya ji ya koma ga na gida. Wasu daga cikinsu suna da fuloraid, waɗannan babu laifi. Wasu kuwa ba su da shi sam, har suna alfahari da rashinsa, kuma masu bitar binciken da aka yi kan man gawayi a 2017 ba su samu hujjar da ta tabbatar da alkawuransa ba. Wanda zai biya kuɗi ya sayi man da ba ya kare haƙori, gara ya karyo marke kyauta.

Yadda ake amfani da man ma na iya ɓata zaɓin da aka yi daidai. Kusan kowa in ya gama goge baki sai ya kurkure da ruwa sau uku ko huɗu har ya ji babu sauran santsi, ta haka kuwa ya zubar da sinadarin da ya saya. Abin da ya dace shi ne a tofar da kumfar a bar saura ya zauna. Haka kuma al'adarmu ta ɗauki goge baki aikin safe, don a fita cikin mutane, alhali na dare ya fi muhimmanci, domin a barci miyau na raguwa, duk abin da ya kwana a baki sai ya yi aikinsa ba mai hana shi. Sau biyu a yini, minti biyu, ɗaya daga ciki dab da kwanciya. Wannan tsari bai ture aswaki daga matsayinsa ba, yana nan a wajen alwala da bayan cin abinci da cikin gona. Bai kuma ci karo da azumi ba, tunda bayan sahur kafin alfijir da bayan an sha ruwa da dare duk lokuta ne da babu saɓani a kansu. Wanda buroshi ya gagare shi ma zai iya ɗiga man a kan aswakinsa.

Ƙorafi na ƙarshe shi ne wanda na fi jin nauyinsa. Mutanen da suka shafe shekaru fiye da goma 'yan bindiga na tare musu hanyar Kaduna da ta Funtuwa, aka kore su daga gonakinsu, aka sa musu harajin noma, aka rufe musu kasuwar kara har sai da aka yi sulhu a ƙarshen 2024, wa zai zo musu da zancen makilin? Amsata ita ce wannan halin ne ya ƙara wa zancen nauyi. Mazaunin Legas ko Abuja in haƙorinsa ya yi rami, likita na kusa, a cike masa ya koma aiki. Makarantar koyon likitancin haƙori ta farko a ƙasar nan a Legas aka buɗe ta a 1966, Arewa kuwa ba ta samu tata ba sai bayan shekarar 2000, kuma har yau likitocin a manyan birane suka taru. Manomin Tsohon Birnin Gwari ko Dogon Dawa ko Randagi da haƙori ya tasa a gaba, zai fara da kanumfari, ya koma kemis ya sayi ƙwayoyi ba ƙa'ida, wani har ya ɗiga ruwan batir a kogon ya ƙone dasashinsa, a ƙarshe a cire haƙorin da ƙarfin tsiya. In ƙurjin ya gangara ƙarƙashin muƙamuƙi ya kumbura wuya, yana iya toshe numfashi kafin a isa Kaduna ko Zariya. Kuma a yankinmu na Arewa maso Yamma ne cutar noma, mai farawa daga gyambon dasashi ta cinye fuskar yaro mai tamowa, ta yi katutu har aka gina mata asibiti na musamman a Sakkwato a 1999, Najeriya kuma ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin cututtukan da aka yi watsi da su a Disambar 2023. Makilin ba ya maganin noma, yunwa da ƙyanda da rashin tsafta ne tushenta, amma uwar da ke buɗe bakin ɗanta kowane dare don ta goge masa ita ce za ta fara ganin gyambon tun ana iya tsayar da shi da magani.

Saboda haka bai dace a bar nauyin duka a kan mai saye ba. A 2022 gwamnatin tarayya ta fara karɓar harajin naira goma a kan kowace lita ta lemon zaƙi, kuma babu inda ya fi cancantar wani kaso na kuɗin nan irin sauƙaƙa farashin man goge baki mai fuloraid da kai shi makarantun firamare da na allo. A asibitocin sha-ka-tafi na ƙaramar hukumar, inda mata ke zuwa awo da rigakafi, minti biyu sun isa ma'aikaciya ta nuna wa uwa gwargwadon ƙwayar shinkafa a kan buroshi tun haƙorin farko ya ɓullo, ta kuma gargaɗe ta kan ba jariri ruwan sukari ko lemo a bulunboti. Limamin da ke karantar da babin aswaki zai iya ƙarawa da cewa manufar sunnar ita ce tsarkin baki da lafiyarsa, kuma abin da ke cika wannan manufa ba kishiyarta ba ne. Mai tireda kuwa, da ke saro kaya a Funtuwa ko Kaduna, shi ne ke yanke wa gari duka hukuncin abin da zai samu a kanta. Idan ya juya kwali ya duba lambar kafin ya biya kuɗin katon, yawancin masu saye a wurinsa ba za su ma buƙaci dubawa ba.